Kujerar Gaba a Motar Baba

Hassana da Husaina, ku nake rubuta wa wannan. Tun da kuka zo hutu kuka tarar Baba ba ya yi mini magana, kun ji bayani daga bakin kowa ban da ni. Inna ta ce muku tsautsayi ne. Matan maƙwabta sun ce na kwance wa ubana zani a gaban baƙi a kan titin Rogo. Ku kuma kuka koma makaranta kuna yi mini wani irin kallo. Na so in faɗa muku da baki ranar da kuke haɗa akwati, na kasa. Shi ya sa na zauna in rubuta. Ba zan tsaya kan haihuwata da makarantun da na yi ba, kun san su. Shekara ɗaya nake so ku sani, wadda na gama sakandare na zauna jiran sakamako, Baba kuma ya kawo motar nan gida ya ce da ita zai je ya ɗauko ku ranar hutun ƙarshen shekara.

Kun taso kun ga Baba fanalbita ne, mai gyaran jikin mota a bakin tashar Ƙaraye, amma kafin ya kama guduma direba ne. Yana saurayi ya tuƙa wa wani Alhaji mai sayen gyaɗa a Rogo, a wata doguwar koriyar mota irin ta da, mai dogon hanci da bamba ta ƙarfe mai sheƙi. Bayan rasuwar Alhajin sai motar ta zauna a bayan gidansa ƙarƙashin mangwaro, tayoyinta suka nutse a ƙasa, kaji suka mai da ita akurki. Da magada suka shirya sayar wa 'yan gwangwan su yanka ta, Baffa Sule, yayan Baba da ke Rogo, ya bugo waya ya ba shi labarin yana dariya. Baba bai yi dariya ba. Ya ɗauki hularsa ya tafi tasha. Washegari da la'asar wata babbar mota ta sauke mana ita a ƙofar gida, kashin kaji a kan kujeru, tsatsa tana zuba daga ƙasanta kamar garin barkono. Inna ta leƙo daga zaure.

"Malam, gawar wa aka kawo mana?"

"Ba gawa ba ce. Barci take."

"To a ina za ta ƙarasa barcin?"

"Ɗakin gyaɗa."

"Gyaɗar kuma fa?"

"Ai ɗakinki da fili."

Haka aka fasa bangon ɗakin gyaɗa ta wajen titi aka yi masa babbar ƙofa, ya zama gareji, buhuna suka koma bayan gadon Inna. A watan ne kuma Baba ya rufe rumfarsa ta tasha, ya ce bayansa ya gaji da sunkuyo. Babu wanda ya haɗa abin biyu, ni ma ban haɗa ba.

Duk daminar nan a kan jikin motar ta ƙare. Ni abinci nake kai masa, sai in tsaya kallo, har wata rana ya ce tunda na tsaya in riƙe masa wani faranti. Daga ranar ban sake fita ba. Ƙawayena suna koyon ɗinki, ni ina koyon yadda ake yanke inda tsatsa ta ci a yi waldar sabon ƙarfe, da yadda ake sa ƙarfen tallafi a bayan lotsewa a dinga bi da guduma a hankali daga baki-baki zuwa tsakiya. Ƙasan motar ya ruɓe har kana iya ganin daɓen ɗaki ta wurin ƙafar direba. Baba yakan shimfiɗa siririn hankici a kan ƙofa, ya rufe ido, ya bi da tafin hannu, ya tsaya a wurin da ni nake ganin sumul yake, ya ce nan akwai saura. Ya ce lotsewa ba ganinta ake ba, jinta ake. Ni ke kwaɓa masa fila, in zuba ɗan jan maganin da ke sa ta daskare, in juya har kalar ta zama ɗaya, in ce masa ta yi. Daga nan sai gugar samfefa da ruwa, yau da gobe, har fatar yatsuna ta siɗe, Inna ta ce babu mai lallen da za ta karɓi hannun nan. Ban damu ba. Tun da nake ban taɓa zama da Baba muna hira kamar a watannin nan ba. Ya ba ni labarin hanyar Rogo tun tana burji, da yadda yakan kwana a motar in rafi ya kawo.

Da ruwa ya ɗauke muka koma kan dashbod. Muka kwance shi gaba ɗaya muka ɗora a kan tabarma. Samansa rana ta farfasa shi kamar ƙasar fadama da rani, Baba ya kai wa baduku ya lulluɓe shi da jar fata ya bi bakin da ɗinki. Katakon da ya ratsa gabansa gara ta cinye, kafinta ya fito mana da sabo na maɗaci, na yi ta gugarsa har ya fara ɗaukar ido. Agogon gudu da na mai da na zafin inji muka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, na wanke gilasansu da man goge baki, allurorin da suka koɗe na shafa musu jan farce da tsinken tsintsiya. Husaina, jan farcenki da kika yi ta nema, can ya tafi. Wahalar tana baya, inda wayoyi suke, don ɓeraye sun yi gida a ciki sun cinye rabi. Baba bai kira mai gyaran wayoyin mota ba, duk suna kansa. Zai zauna a kan bulo ya ce, ja mai layin fari shi ne na agogon mai, nemo shi. In nemo, in sa masa a hannu, ya murɗa ya naɗe. Na ɗauka koya mini yake.

Ranar da muka mayar da dashbod muka haɗa batir, ƙananan ƙwayayen fitilar agogon suka kama, wani kore-kore mai sanyi. Baba yana kujerar direba, ni ina tsugune a damansa. Ya ce in ba shi sukudireba, na miƙa. Bai karɓa ba. Ya sake cewa in ba shi, hannuna yana dab da kumatunsa. Sai ya ɗaga murya ya ƙwala mini kira yana fuskantar ƙofa, kamar wanda yake tsammanin na shiga cikin gida. Ya juyo da kansa gaba ɗaya, a hankali, har idonsa ya sauka a kaina.

"Tun yaushe kike nan?"

"Ban tafi ba, Baba."

Ya karɓi sukudireban ya ajiye a cinyarsa. Ana jin matan gidan maƙwabcinmu Malam Audu suna sussuka.

"Na je Kano wajen masu ido," ya ce. "Hawan jinin ido ne. Sun ce abin da ya tafi ya tafi. Gabana ina gani, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Gefe ne babu. Kala ma ta fara cakuɗewa."

"Inna ta sani?"

"Babu wanda ya sani, babu kuma wanda zai sani. Garin nan in aka ce ba ka gani, yau a yi maka jaje, gobe a daina neman shawararka, jibi a turo yaro ya kama maka sanda. Ban shirya ba tukuna."

"'Yan biyu fa? Ka ce kai za ka ɗauko su."

"Ni zan ɗauko su. Ke za ki zauna a gaba. Gaba nawa, gefe naki."

Ya faɗe shi yadda yake faɗin komai na aiki, kamar ya ce riƙe nan. Ni kuma na ce to, don ban san wata amsa da 'ya take ba ubanta ba.

Aka yi feshin fenti a tsakiyar kaka, muka toshe ƙofar gareji da jiƙaƙƙun buhuna saboda ƙaiƙayin maƙwabta. Da motar ta fito rana yara suka biyo ta da gudu, tsofaffi suka tashi daga dakali. Muka fara fita da sassafe, zagayen filin ƙwallo, daga baya bakin titi. Muna da yadda muke yi. Zan zauna a gaba in miƙe wuya ina kallon hanya, leɓena na motsi kaɗan kamar mai lazimi, in ce babur dama, akuya dama, yaro hagu. Shi kuma ya rage ko ya kauce. Masu ganinmu suna cewa Malam Iliya ya dace da 'ya mai natsuwa. Abin yana tafiya daidai, kuma tafiyarsa daidai ita ta fi ba ni tsoro, don kullum muka dawo lafiya sai ya ƙara nisa washegari. Abinci ya daina shiga mini. Nakan tashi da niyyar yau zan faɗa wa Inna, sai in leƙa gareji in gan shi yana goge bamba da tsumma yana 'yar waƙarsa ta direbobin da, in koma ɗaki.

Saura mako hutunku ya ce za mu je Rogo Baffa ya ga aikin, kuma ya zaɓi ranar kasuwa, don so yake a gan ta. Tafiyar zuwa lafiya muka yi ta. Bakina ya bushe don magana, amma ko kaza ba mu taɓa ba. Baffa Sule ya fito yana ɗingisa ƙafa, ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya leƙa ya shinshina fatar dashbod.

"Iliya, tunda ka iya tashin matattu, saura ka duba mini gwiwar nan."

"Kayan gyaranta sun ƙare a kasuwa, Yaya."

"Ka ji ɗan banza. Saude, haka yake yi miki a gida?"

Aka ci abinci, aka yi azahar, mutane suka yi ta zuwa kallo, wasu suna tuna Alhajin suna yi masa addu'a. Ban taɓa ganin Baba da fara'a irin ta ranar ba. Muna shirin tafiya Baffa ya fito da babbar riga ya ce zai bi mu, yana da gaisuwar mutuwa a Ƙaraye. Ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba. Ni ina tsaye da hannuna a kan marikinta, na saki. Duk lissafin da muka yi ni da Baba, wannan bai shigo ciki ba, ga shi kuwa abu ne da ko yaron goye ya sani, babba ba ya zama a baya yarinya tana gaba.

"Yaya, kujerar baya ta fi faɗi," Baba ya ce. "Za ka fi miƙe ƙafar."

"Ni za ka mayar baya ka sa 'yar cikinka a gaba? A Rogo? Shige baya, Saude, kar ki biye wa ubanki."

Na shiga baya. Na zauna a tsakiya, a bakin kujera, na dafa kujerun gaba biyu da hannuwana. Ta madubi na ga Baba yana nemana da ido bai same ni ba. Ya yi bisimilla ya tayar.

Baffa ya kunna rediyo tun kafin mu fita gari, yana ta murɗa maɓalli yana mamakin wai har ita ta tashi. Ya shiga zancen taki da yadda gyaɗa ta yi bana. Ni ina ganin komai ta gefensa, masu babur da buhuna, 'yan mata da tallan ƙosai, jakuna, ba ni da bakin faɗa. Na gwada yin tari in wani abu ya taso, na gwada danna gwiwata a bayan kujerar Baba, amma tari ba ya cewa dama ko hagu. Baba ya gane, ya riƙa tafiya a hankali yana jujjuya kai kamar mai neman gida. Da muka bar cunkoso hanya ta buɗe, Baffa ya dube shi.

"Wannan tafiyar ai jaki zai wuce mu. Ko duk kwalliyar a jiki ta tsaya?"

Baba ya yi murmushi ya sa giya. Na ga jar allurar nan tana hawa.

Gaban wani ƙauye kaɗan, kafin kwalbati, akwai 'yar hanya da ta fito daga ruga ta hannun dama. Wata Bafulatana ta fito daga cikinta da ƙwaryar nono a ka, da goyo a baya. Ta tsaya ta dubi motar, ta ɗaga hannu yadda ake yi wa direba, ta ga fuskarsa tana kallon gaba, ta ɗauka ya gan ta, ta sako ƙafa a titi. Baffa kansa yana ƙasa wajen rediyo. Na ce Baba, amma da ƙaramar muryar nan da na saba, rediyo ta haɗiye ta. Ban san lokacin da na zura jikina tsakanin kujerun ba. Na kama birkin hannu da hannu biyu na fizgo shi sama. Motar ta yi wata ƙara ta juya gindi, kaina ya bugi kafaɗar Baffa, madigadin dama ya daki bakin kwalbatin, wani farin abu ya rufe gilashin gaba gaba ɗaya.

Inji ya mutu. Rediyo ba ta mutu ba, wani mutum yana ta bayanin maganin ƙwarin wake. Na buɗe ƙofa na fita. Matar tana durƙushe a gefen titi a kan gwiwa da tafin hannu, ƙwaryar ta dare a kan bonet, nono yana bin fenti yana ɗiga. Goyon yana bayanta, kansa ya langaɓe gefe, bai yi motsi ba, bai yi kuka ba. Ban san tsawon lokacin ba. Na san dai a cikinsa na ga ƙafarsa ɗaya da ɗan jan zare a wuyanta, na ga ƙudaje har sun fara sauka a kan nonon. Sannan ya ja numfashi ya tsala kuka. Barci yake yi ashe. Wannan ɗan shirun shi ne har yau bai bar ni ba.

Masu dawowa daga kasuwa suka taru. Wani tsoho mai sanda ya fito daga hanyar rugar, surukinta ne. Aka ɗaga ta, gwiwoyinta sun kuje, zaninta ya yage inda bamba ta shafe shi, ban da haka babu komai. Ta kwance yaron tana jujjuya shi tana dubawa.

"Na ɗaga masa hannu," ta ce wa tsohon, ta sake faɗa wa mutane. "Na ɗaga. Yana kallon gaba kamar babu kowa a duniya."

Baffa ya gyara rigarsa ya shiga tsakani.

"Ku yi haƙuri, baiwar Allah. Tsohuwar mota ce, birki ne ya ƙi. Allah ya sa yarinyar nan ta ja na hannu."

Kowa ya gyaɗa kai. Wani ya ce motocin da sai a hankali. Tsohon ya ce ƙarfe ne, Allah ya kiyaye gaba. Ban san ko Baffa ya yarda da abin da ya faɗa ba, ko kuwa ya hango wani abu ne ya rufa wa ƙaninsa asiri. Magana dai ta mutu, kowa ya samu hanyar tafiya gida da mutuncinsa. Baba yana tsaye ya dafa ƙofa. Ya share maƙogwaro.

"In mun je gida zan duba birkin."

A nan na ji abin da zai biyo baya kamar an karanta mini. Zai shiga gareji ya kwana biyu a ƙarƙashinta, ya fito ya ce ya gyara. Mako mai zuwa zai tafi ɗauko ku. A ƙofar makaranta wani malami ko uban wata zai ce a rage masa hanya, a buɗe masa gaba, mu uku mu jeru a baya. Ba tunani na yi ba, bakina ne ya buɗe.

"Birkin lafiyarsa ƙalau."

"Ke, yi shiru," Baffa ya ce, ba da faɗa ba.

"Baffa, ni na taka masa shi da muna gyara. Babu abin da ya samu birki. Bai gan ta ba ne. Baba ba ya ganin gefe."

Matar ta daina jijjiga yaron. Tsohon ya dubi Baba, ya dubi ƙasa, ya ce Allah ya ba da lafiya, Malam, da irin muryar da ake yi wa mara lafiya sannu. Wasu ma suka ce amin, Allah ya ba da lafiya. Baba bai ce na yi ƙarya ba. Ya sunkuya ya kashe rediyo, ya zare mukulli, ya miƙa shi wajen da yake jin muryar Baffa. Baffa ya sa aka kai matar wurin mai magani a babur, ya bi su don ya ga an wanke mata ciwon an kuma daidaita da mutanenta. Wani direba daga cikin taron, wanda Baffa ya bar wa mukullin, shi ya ƙaraso da mu Ƙaraye. Baba ya zauna a baya kusa da ni, fuskarsa a taga, har gida bai juyo ba.

Labari ya riga mu isa. Inna ta bar shi ya shiga ɗaki, ta ja ni madafa.

"Kina tsammanin ban sani ba? Wa kike jin yake kwashe turmi da kujera daga hanyarsa tun bara?"

"To me ya sa ba ki hana shi ba, Inna?"

"Da ranar ta zo da mukullin ya ɓata. Da an neme shi an rasa har motar haya ta kawo su. Haka ake yi wa namiji, ba a tsakiyar titi ba."

"Yau fa? Yau bai ɓata ba."

Ta juya tana hura wutar da take ci. Na sha tunanin maganarta. Wataƙila da mukullin ya ɓata ɗin, wataƙila kuma da ya haɗa waya biyu ya tayar da ita, tunda shi ya san kowace waya a ciki. Ban sani ba. Ita ma ba ta sani ba.

Abin da Baba ya faɗa a gareji duk ya faru, bi da bi. Aka yi ta sallama ana tambayarsa ya ido. A masallaci aka fara matsa masa wuri kusa da bango. Wani da ya saba kawo masa mota ya duba kafin ya saya ya wuce ta ƙofar gidanmu da sabuwa bai tsaya ba. Ni kuma Baba ya daina kiran sunana. In na gaishe shi ya ce lafiya, shi ke nan. In yana son abu ya ce wa Inna, ki ce wa 'yarki, ko da ina tsaye a wurin. Baffa da ya iso ya karɓi mukullin ya tafi da shi Rogo, har yau yana can, Baba bai tambaya ba. Kuka zo a motar haya da akwatunanku a but, kuna tambaya ina koriyar motar da aka yi muku alkawari. Ni daga ranar ban iya shan fura da nono, warinsa kaɗai sai zuciyata ta tashi. In na shiga mota hannuna yakan tafi neman wani abu tsakanin kujeru. In jariri ya yi shiru a bayan uwarsa sai na matsa na ga cikinsa yana motsi. Ba don ku tausaya mini na faɗa ba, don ku san yadda nake ne in kun ga na tashi daga wuri ba dalili.

Bayan kun koma makaranta Baba ya sake buɗe gareji, shi kaɗai. Daga tsakar gida nake jin gudumar, a hankali, yadda ya saba. Ya fitar da lotsewar madigadin, ya shafa fila, ya goge, bai kira ni ba. Ya haɗa fenti da kansa ya fesa. Ranar Juma'ar da ta wuce Baffa ya zo duba shi, bayan an sauko daga masallaci Baba ya sa aka buɗe ƙofar garejin, ya kira Inna, Malam Audu maƙwabci ma ya leƙo. Aikin hannun babu abin cewa, sumul kamar ba a taɓa bugawa ba. Amma motar koren ɗanyen lemo ce, madigadin kuwa ya fito kamar tsohon ganyen mangwaro.

"Ma sha Allah," in ji Malam Audu. "Kamar daga kamfani."

"Wa zai ce an taɓa ta?" in ji Baffa.

"Ya yi kyau, Malam," in ji Inna.

Baba ya saurare su duka yana shafa wurin. Ni ina bakin ƙofa da butar da Inna ta ce in kawo wa Baffa. Ban yi motsi ba, amma ina jin ya ji ƙarar murfin butar. Ya juyo da kai yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya har ya zo kaina.

"Ke fa?"

Inna ta kafe ni da ido. Baffa ya shiga gyaran hula.

"Bai dace ba, Baba. Ya fi sauran duhu."

"Sosai?"

"Daga bakin titi ma za a gane."

Malam Audu ya tuna yana da baƙo a gida.

"To ajiye butar," Baba ya ce. "Samfefa tana cikin bokiti."

Na ajiye, na naɗe hannun riga. Kafin magariba mun kankare fentin madigadin tas.